SHARHI: Ribar Aisi Tana Wurin Mai Zana Shi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sarin wayoyin hannu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko a Farm Centre ta Kano, to ya biya wani kamfani da ke birnin Kambirij na ƙasar Ingila la'ada, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Kamfanin shi ne ARM. Ba shi da masana'antar da ke yanka silikon, ba ya kuma jiran kwantena a tashar Apapa. Abin da yake sayarwa zane ne, wato tsarin zuciyar ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da masu gyaran waya da rediyo suke kira aisi. Kamfanonin da ke yi wa wayoyin Tecno da itel da Samsung aisi suna sayen lasisin wannan zane, sa'an nan su riƙa biyan 'yan kwabbai a kan kowane guda da suka sayar, su kuma ɗora kuɗin a kan farashi har ya gangaro kan ɗan tebur. A takardun da kamfanin ya gabatar sa'ad da ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq cikin 2023, ya bayyana cewa an ƙera aisi fiye da miliyan dubu 250 masu ɗauke da zanensa.

Wannan lissafi ya cancanci masu jari da masu tsara manufofin tattalin arziki na ƙasar nan su tsaya a kansa. Duk lokacin da aka ta da maganar shiga harkar aisi, hankalin jama'a kan tafi ga katafariyar masana'anta mai dogon gini da bikin aza harsashi. Alhali kuwa ƙofar da take buɗe ga ƙasa irin Nijeriya ita ce ta zane da gwaji, kuma ita ce ba a cika waiwaya ba, watakila don ba ta da zaren da za a yanka a gaban 'yan jarida.

Dalilin da ya sa masana'anta ta yi nisa a bayyane yake. Kamfanin TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa cikin 1987 don ya riƙa ƙera wa wasu abin da suka zana, ya sanar cikin 2020 cewa zai kashe Dala miliyan dubu 12 a kan masana'anta guda a jihar Arizona ta Amurka. Zuwa 2024 kuɗin shirin, bayan an faɗaɗa shi, ya kai Dala miliyan dubu 65. Matatar man Ɗangote da ke Lekki, wadda ita ce aikin masana'antu mafi girma da ɗan kasuwa ya taɓa yi a ƙasar nan, ta ci kimanin Dala miliyan dubu 20. Injin guda na kamfanin ASML na ƙasar Holan, wanda ke buga zane a kan faifan silikon da haske, ya haura Dala miliyan 150. Bayan kuɗi kuma, irin wannan masana'anta tana buƙatar wutar lantarki da ba ta ƙiftawa ko na daƙiƙa guda, da ruwa tsarkakakke mai ɗimbin yawa a kowace rana. Wanda ya san tarihin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, da aka soma tun ƙarshen shekarun 1970 kuma har yau bai cika alkawarinsa ba, ba ya buƙatar dogon bayani.

Shi kuwa zane, da ɗan abin hannu aka fara shi. Mutum biyu, Sophie Wilson da Steve Furber, su ne suka jagoranci tsara furosesan ARM na farko a kamfanin Acorn, aka kunna shi ran 26 ga Afrilu, 1985, ya kuma yi aiki tun a gwajin farko. Taransista kimanin 25,000 ne a cikinsa, kuma wani kamfani na Amurka, VLSI Technology, shi ya ƙera musu. Da aka ware ARM ya zama kamfani mai zaman kansa cikin 1990, da haɗin gwiwar Acorn da Apple da VLSI, injiniyoyi 12 ne suka fara aiki a wani tsohon rumbun gona da aka gyara a wajen Kambirij. Cikin 2016 kamfanin SoftBank na Japan ya saye shi a kan kimanin Dala miliyan dubu 32.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake zanawa, domin a nan ne kuɗin yake shiga, a nan kuma yake fita. Zuciyar furosesa ita ce sashen aisi da ke ɗauko umarni daga ma'ajiya, ya fassara shi, ya aiwatar, ya ajiye sakamako, ya koma ya ɗauko na gaba, sau miliyoyi a daƙiƙa guda. Umarnin kansa ba wani abin mamaki ba ne: tara wannan da wancan, kwatanta lambobi biyu, in sun yi daidai tsallaka zuwa wuri kaza. Jerin waɗannan umarni shi ne harshen furosesa, kuma duk manhajar da aka rubuta sai an juya ta zuwa wannan harshe kafin ta yi aiki. Injiniya ba ya zana taransista ɗaya bayan ɗaya da fensir. Rubutu yake yi a kwamfuta da wani harshe na musamman, Verilog ko VHDL, waɗanda dukansu suka samo asali a shekarun 1980, yana bayyana yadda kowane sashe zai amsa a kowane bugun agogon na'ura. Daga nan wata manhaja ta mayar da rubutun zuwa taswirar ƙofofin lantarki da wayoyin da ke haɗa su.

Gwanintar tana wurin zaɓi. Mai zane yana iya raba aikin kashi biyar, kamar shagon ɗinki inda wani ke yanka, wani na ɗinki, wani na sa maɓalli, wani na guga, wani na naɗewa, ta yadda riguna biyar suke hannu a lokaci guda. Aiki zai yi sauri, amma sai a sami umarnin da ke jiran sakamakon wanda ke gabansa alhali ba a gama shi ba, ko kuma a tsallaka zuwa wani wuri bayan an riga an ɗauko umarni uku da ba a buƙata. Kowace irin wannan matsala tana da magani, kowane magani kuma yana cin fili a kan silikon, yana kuma shan batir. Furosesan da ya dace da mitar wuta, wanda ake so ya yi shekara goma yana ƙidaya ba tare da ya yi zafi ba, daban yake da wanda ya dace da wayar da ake kallon bidiyo a kanta. Babu zane guda da ya fi kowane. Akwai wanda ya dace da kasuwar da aka nufa, kuma sanin kasuwa aikin ɗan kasuwa ne kafin ya zama na injiniya.

In an gama rubutun, hanya biyu ce a gaba. Ta farko ita ce a aika da taswirar masana'anta a ƙera aisi na musamman wanda ba ya yin kome sai abin da aka zana. Wannan kamar kai littafi maɗaba'a ne: kuɗin haɗa farantan bugu yana da yawa, a sababbin masana'antu yakan kai miliyoyin Dala, ana kuma jira watanni, amma da zarar an soma bugawa kowane kwafi arha ne. Sai dai in akwai kuskure a shafi na bakwai, to yana cikin kowane kwafi. Hanya ta biyu ita ce aisin da ake kira FPGA, wanda ya fi kama da allon makaranta: a rubuta, in an ga kuskure a wanke a sake. Cike yake da ƙananan tubala na lantarki da ba a ƙayyade musu aiki ba, sai mai zane ya ɗora musu tsarinsa su rikiɗa su zama furosesa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ross Freeman da abokansa na kamfanin Xilinx su ne suka fitar da na farko kasuwa cikin 1985, da tubala 64 kacal. Darajar wannan fanni ta fito fili da Intel ya sayi Altera a kan Dala miliyan dubu 16.7 cikin 2015, AMD kuma ya sayi Xilinx a kan kusan Dala miliyan dubu 50 cikin 2022.

Lissafin zaɓi tsakanin hanyoyin biyu kowane mai shago zai iya yin sa. A ƙaddara haɗa faranti da sauran hidimar farko sun ci Dala miliyan ɗaya, kowane aisi kuma ya tsaya a kan Dala ɗaya, shi kuwa FPGA da zai yi aikin ana sayar da shi Dala 11. Bambancin Dala 10 ne a kan kowane guda, saboda haka sai an sayar da guda 100,000 kafin mai aisi na musamman ya mayar da kuɗinsa. Wanda kasuwarsa ba ta kai haka ba, allo ya fi masa, ko da yake FPGA ya fi jan wuta kuma bai kai ɗan uwansa sauri ba. Ko waɗanda suka ƙudura ƙera aisi na musamman ma sukan fara gwada zanensu a kan FPGA na tsawon watanni kafin su sa hannu a kan takardar masana'anta.

Gwajin nan shi ne inda mafi yawan masu sha'awa suke raina aiki. Ɗalibi mai ƙwazo yana iya rubuta ƙaramin furosesa cikin zangon karatu guda, ya kunna fitila da shi, a tafa masa. Tabbatar da cewa wannan furosesa ba zai yi kuskure ba a kowane irin haɗin umarni, da lokacin da wuta ta yi ƙasa, da lokacin da saƙo biyu suka iso tare, wannan wani aiki ne dabam, kuma ma'abota sana'ar sun daɗe suna cewa yakan ci fiye da rabin lokacin aikin gaba ɗaya. Cikin 1994 wani malamin lissafi a jihar Bajiniya ta Amurka, Thomas Nicely, ya lura cewa furosesan Pentium na Intel yana ba da amsar da ba daidai ba a wasu lissafin rabawa. 'Yan gurabe ne aka bari babu kome a cikin wani jadawali da ke cikin aisin. Kamfanin ya fara da cewa matsalar ba za ta shafi yawancin mutane ba, daga baya ala tilas ya amince zai musanya wa duk wanda ya nema, ya kuma ware Dala miliyan 475 don wannan hasara. Kamfanin da ya fi kowa gogewa a duniya a wancan lokaci ke nan.

Masu amfani da mitar kati a ƙasar nan ma sun ɗanɗani yadda shawarar mai zane take bin mutane shekaru da yawa. Tsarin lambobin sayen wuta, wanda ya samo asali daga Afirka ta Kudu, yana ƙidaya mintoci tun daga farkon 1993 a cikin gurbi mai ɗaukar lamba iyakatacciya. Gurbin ya cika ran 24 ga Nuwamba, 2024, shi ya sa kamfanonin rarraba wuta suka yi ta kiran jama'a su shigar da sababbin lambobi a mitocinsu kafin ranar. Wannan matsala ta tsarin lambobi ce, bai shafi furosesan mitar kai tsaye ba, amma asalinta ɗaya da irin shawarar da mai zana furosesa ke yankewa kullum: faɗin gurbi nawa ya isa, kuma har zuwa yaushe.

Abin da ya sauya al'amura a 'yan shekarun nan shi ne batun mallakar harshen umarni. Shekara da shekaru, wanda duk yake son zana furosesan da manhajojin duniya za su gane sai ya nemi izini daga kamfani irin ARM, ko ya haƙura, domin harshen Intel ba kowa ake ba lasisinsa ba. Cikin 2010 wasu malamai da ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Krste Asanović da Yunsup Lee da Andrew Waterman tare da David Patterson, suka tsara sabon harshe mai suna RISC-V suka bar shi kyauta ga kowa. Tushensa umarni ne da ba su kai 50 ba, mai buƙatar ƙari ya ƙara. Ƙungiyar da ke kula da shi, wadda aka kafa cikin 2015, ta mayar da rajistarta ƙasar Suwizalan cikin 2020, bayan da mambobinta suka ga yadda takunkumin Amurka ya sa ARM ya dakatar da hulɗa da Huawei na wani lokaci cikin 2019. Ƙasashen da suka ga wannan sun gane cewa lasisi abu ne da ake iya janyewa.

Indiya ta ba da misalin da ya fi kusa da halin Nijeriya. A Cibiyar Fasaha ta Indiya da ke Madras, ƙungiyar Farfesa Kamakoti ta tsara furosesa mai suna Shakti a kan RISC-V. Cikin 2018 aka ƙera samfurinsa guda a masana'antar Intel da ke Amurka, wani samfurin kuma a tsohuwar masana'antar gwamnati da ke kusa da Chandigarh mai aiki da ma'aunin nanomita 180, fasahar da manyan kamfanoni suka wuce tun farkon shekarun 2000. Babu wanda ya ce Shakti zai kori ARM daga kasuwa. Abin da Indiya ta samu shi ne tarin matasa da suka bi aikin tun daga rubutu har zuwa silikon, waɗansunsu suka fita suka kafa kamfanoni, gwamnati kuma ta ƙaddamar da shiri na ƙasa a kan RISC-V cikin 2022. A nahiyar Afirka ma, birnin Alƙahira ya daɗe da injiniyoyi masu yi wa kamfanonin waje aikin zane da manhajojin zane, ciki har da ofishin Mentor Graphics da yanzu yake ƙarƙashin Siemens, ba tare da Masar ta mallaki masana'antar aisi ta zamani ba. Abin da suke fitarwa waje fayil ne da ke bi ta intanet, kuɗin musaya kuma ya shigo.

To, amma gaskiya ɗaya ce dole a faɗa wa mai jari tun kafin ya buɗe jakarsa: kyautar harshe ba ta nufin kyautar furosesa. Akwai zane-zane da aka riga aka gama aka saki kyauta, irin su PicoRV32 da Ibex, wanda ya samo asali daga jami'o'in Zurik da Bolonya, da kuma waɗanda Alibaba ya saki cikin 2021. Haka nan wani kamfanin Sin, WCH, ya fitar da ƙaramin aisi mai zuciyar RISC-V cikin 2022 a kan kimanin santi 10 na Dala. Wanda yake son haɗa injin caji ko ma'aunin ruwa, ya ce sai ya zana nasa furosesa daga tushe, ɓarnar dukiya zai yi. Ya saya kawai. Har wa yau, hanyoyin arha na kaiwa ga masana'anta ba su da tabbas. Cikin 2020 Google da SkyWater suka saki bayanan masana'antar nanomita 130 ga kowa, kamfanin Efabless kuma ya riƙa tara zanen mutane da yawa a kan faifai guda, kamar yadda 'yan kasuwa ke haɗa kaya a kwantena ɗaya, a kan kusan Dala 10,000 kowane gurbi. Cikin 2025 Efabless ya rufe saboda ƙarancin jari, masu jiran kayansu suka shiga neman wata hanya.

Saboda haka inda riba take shi ne a ɗauki zuciyar da aka riga aka gwada, a kewaye ta da abin da kasuwar gida take buƙata wanda ba a samu a kanti: sashen auna wuta da zai jure hawa da saukar lantarkin ƙasar nan, sashen sirri na na'urar cirar kuɗi ta POS, sashen sarrafa batirin hasken rana a zafin Sakkwato ko Maiduguri. Mita ita ce misali mafi ƙarfi, domin kusan rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta ba su da ita, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da shirin raba mitoci tun 2020. Kamfanonin gida suna haɗa mitoci a Legas da Ogun, amma aisin da ke cikinsu daga waje yake zuwa, da Dala ake biya, kuma a lokacin ƙarancin aisi na 2020 zuwa 2022, sa'ad da manyan kamfanonin motoci na Turai da Amurka suka tsayar da aiki, ƙaramin mai saye shi ne na ƙarshe a layi. Kasuwar miliyoyin mitoci ta wuce adadin da lissafin da aka yi a sama yake nema nesa ba kusa ba. Wanda ya mallaki zanensa yana iya kai shi wata masana'anta in ta farko ta juya masa baya, ko da yake sauyin kan ci lokaci da kuɗi.

Ƙasar nan ta taɓa bin irin wannan hanya a wani fanni. Tauraron ɗan Adam na NigeriaSat-1 da aka harba cikin 2003 kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, tare da horar da injiniyoyin Nijeriya. NigeriaSat-X da aka harba cikin 2011 kuwa injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a can. Darasin da ya rage shi ne abin da ake yi da mutanen bayan sun dawo, domin injiniyan da ya iya gwajin aisi yana da kasuwa a ko'ina a duniya, kuma ba zai zauna yana jiran albashin da ba ya zuwa a kan kari ba.

Kuɗin farawa bai taka kara ya karya ba. Ana samun ƙaramin allon FPGA a kan 'yan gomomin Dala, manhajojin zane irin su Yosys da Verilator kuma kyauta ne. Sassan injiniyan lantarki na jami'o'in Zariya da Kano da Minna da Ile-Ife da Nsukka suna yaye ɗalibai kowace shekara. Abin da asusun TETFund da hukumomin NITDA da NASENI za su iya yi, da kuɗin da bai kai na ginin ɗakin taro guda ba, shi ne su ɗauki nauyin ɗakunan gwaji masu wutar rana, su biya kuɗin gurbi a faifan haɗaka sau biyu a shekara, su kuma sa sharaɗin cewa ba a ƙirga aiki ya kammala sai aisi ya dawo an kunna shi an auna. Su kuwa masu haɗa mita da injinan wutar rana, nasu shi ne su kawo matsala ta gaske daga masana'antarsu, su faɗi farashin da za su iya biya a kan kowane guda da adadin da za su saya, a rubuce, tun kafin injiniya ya buɗe kwamfutarsa.